Kawu, Wanda Ya Koya wa Agogo Jira

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za a maida mu ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Kawu ya riga mu. Ƙanen mahaifiyata ne ciki ɗaya, kuma shi ne mutumin da ya sa hannun nan nawa ya iya riƙe alƙalami bayan na haura arba'in. Ya cika ranar Laraba da hantsi a gidansa na Jibiya, aka sallace shi bayan azahar.

Da aka gaya wa Inna, mahaifiyata, ba ta yi kuka nan take ba. Ta dubi ƙafafunta ta ce, "Ni na goya shi fa. Shi da kullum yake ce ma mutane a jira, a jira, ni ce bai iya jira ba?" Sai da ta faɗi haka hawayen suka zo.

Matarsa kuwa tana zaune a ƙuryar ɗaki tana zazzage aljihunan rigunansa. Ƙananan sukudireba, guntayen waya, katin memori guda uku, da wani busasshen goro. Ta ɗaga kai ta dube ni ta ce, "Tun ina amarya nake faɗa da shi kan aljihun nan. Yanzu da wa zan yi?"

Abin da ya faru a waje maigidana ne ya ba ni labari. Wani direba ɗan Maraɗi ya aje motarsa da kaya a bakin iyaka, ya tako da ƙafa har ƙofar gida yana tambayar duk wanda ya gamu da shi, "Da gaske Mushe ya tahi?" Haka mutanen Nijar suke kiran malamin boko, kuma haka yake kiran Kawu. Akwai kuma wani abokinsa, tsohon ma'aikacin kwastan, Kirista daga kudancin Kaduna, wanda ya yi ritaya ya koma garinsu tun tuni. Ya kwana a hanya ya zo. Ya cire takalmi ya zauna cikin malamai a kan tabarma, ya rufe fuska da hularsa yana kuka kamar an mutu a gidansu.

Duk wannan ya yi mini daɗi. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne maganar da na yi ta ji kwana uku a jere daga bakin masu gaisuwa: "Allah ya jiƙan mai gyaran rediyo." Mai gyaran rediyo! Ba ƙarya suka yi ba, ya gyara rediyon rabin garin nan. Amma idan na yi shiru, nan da shekara goma abin da zai rage ke nan, kuma ni ba a san ni da yin shiru ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri, da girmana na koya.

Kawu ya yi aikin wayar tarho na gwamnati shekaru masu yawa, daga wannan gari zuwa wancan. Da ya aje aiki ya dawo gida ya buɗe ɗan shago kusa da bakin iyaka, inda manyan motoci ke layi. Mutum ne siriri, mai son shayi ba madara, mai ƙin ɓarna kamar ya ƙi mutuwarsa. Idan ya shigo gidanka ya ga famfo na ɗiga, ba zai amsa gaisuwa ba sai ya ɗaure shi. Idan ya ga an bar fitila da rana, zai kashe ta ya tambaye ka, "Wa take ma aiki?" Wannan ita ce tambayarsa. Ya yi wa rediyo ita, ya yi wa murhun da aka bari da wuta bayan an sauke tuwo, ya taɓa yi wa wani ɗan siyasa ita a gaban jama'a har aka sha dariya.

Ni kuwa "uwar faɗa" yake ce mini tun ina ƙarama, kuma ban taɓa musa masa ba.

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a muna da ajin yaƙi da jahilci na matan aure, wani malami namiji yake koyar da mu. Sai dattawan unguwa suka ce bai dace namiji ya zauna a gaban matan mutane ba. Ni ban yi faɗa da shari'a ba, kuma ba zan yi ba. Abin da na ce musu shi ne, "To ku kawo mana mace." Aka duba, macen da ta iya karatu kuma take da lokacinmu babu. Ajin ya mutu ina tsakiyar koyon haɗa baƙi da wasali. Na yi shekaru ina jin haushin nan. Duk ranar da na kai yaro asibiti aka miƙo mini takarda, sai in riƙe ta kamar wadda aka ba ɗan kunama, in fita neman wanda zai gaya mini abin da ke jikin ɗana.

Sai bayan wayar salula ta cika gari, katin memori ya zama abin da ake sayarwa a tire kamar gyaɗa, sannan Kawu ya kira ni shagonsa. Ya nuna mini wani ɗan akwati, bai fi faranti ƙarami ba. Direban nan ɗan Maraɗi ne ya kawo masa shi cikin tarkacen da aka zubar. Kawu ya tashe shi, ya sa masa lasifika da abin ɗaukar magana.

Ya ce, "Sun ce kada namiji shi zauna gabanku, ko? To wanga ba namiji ba ne. Muryata kawai za ta tahi, ni ina nan."

Ga yadda muka tsara. Kawu zai karanta darasi ya sa a kati. Ni zan ɗauki akwatin ranar Asabar in kai wa matan wani ƙauye a Gangara da safe, in wuce wani ƙauye a ɓangaren Riko da yamma. Akwatin zai yi magana, ya tsaya mu rubuta, ya ci gaba. A ƙarshe kowace mace za ta karanta abin da ta rubuta akwatin ya ɗauka. Kawu zai saurara a shago, mako mai zuwa ya amsa wa kowace da bakinsa. Bai san fuskar ko ɗaya ba. Da laƙabi kawai ya san su, daga bakina: matar liman, mai ƙosai, amaryar maƙeri, uwar tagwaye. Ni ma ɗaliba ce a cikinsu, bambancina da su kawai ni ke ɗaukar kaya.

Matsalar ita ce batir. Faifan hasken rana mai cika batirin ɗaya ne, yana kafe a rufin shagon Kawu, kuma irin batirin akwatin an neme shi Katsina an neme shi Maraɗi ba a samu na biyu ba. A Gangara lafiya lau. A Riko kuwa, darasi zai yi nisa, mata sun fara ganewa, sai muryar Kawu ta yanke a tsakiyar kalma. Kullum saura kamar rubu'in awa. Kuma wannan rubu'in shi ne lokacin da mata za su karanta a ɗauka. Wato matan Riko suna ji, amma ba a taɓa jin su ba.

Mazajensu suka fara magana. Mai unguwa ya aiko a kira ni, ya ce, "Baiwar Allah, mun ba da matanmu kowace Asabar, sun bar surfe sun bar raino. Mi suka koya? Mu dai ba mu ji komai ba. In an yi girbi ba mu ji da kunnenmu ba, kowace ta zauna ɗakinta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, za ku ji." Na fito ban san da me zan cika alkawarin ba.

Kawu ya cire duk abin da zai ciru. Ya kashe ɗan gilashin da ke haske a gaban akwatin, ya cire wata 'yar fitila ja da ba ta da aikin komai. Aka samu ƙarin mintuna, amma ba su kai ba. Daga nan ya shiga cikin abin da ido ba ya gani. Shi da abokinsa na kwastan suka yi ta zuwa Katsina gidan intanet, suna dawowa da takardu cike da ƙananan rubutu. Na same shi wata rana da tabarau biyu a hanci, ɗaya kan ɗaya.

Na ce, "Kawu, girbi ya matso, kai kana nan kana karatun jarida."

Ya ce, "Zauna, uwar faɗa, na kama ɓarawon."

Zan faɗi bayanin yadda ya yi mini shi, don na riƙe shi kamar karatun sallah. Ya ce kowace na'ura irin wannan akwai manhajar da ke tafiyar da ita, kuma manhajar tana da ƙwaya a can ciki, kamar ƙwayar gyaɗa cikin ɓawo. Ƙwayar ce ke ba kowane sashe umarni. Ta wannan akwati irin wadda masu ita suka bari a buɗe ce, kowa na iya karantawa ya gyara. Sannan tsakanin ƙwayar da katin memori akwai wani ɗan guntun abu mai kula da katin. Shi ke aika wa katin bugu ta wata siririyar hanya, tak tak tak, sau miliyoyi kafin ki ƙifta ido. Wannan bugun shi suke kira agogo. Katin ba ya motsi sai da shi. Bugu ɗaya, taki ɗaya.

"Kamar lugude," in ji shi. "In taɓarya ba ta sauka ba, hatsi ba shi dakuwa."

Na ce, "To ina ɓarawon?"

Ya ce, "Akwatin nan in zai yi magana, sai shi ɗebo daga kati da yawa lokaci guda, shi aje, shi riƙa faɗi a hankali. Sannan ku kuma ku ɗau rabin awa kuna rubuta layi biyu. Duk wannan lokacin ba mai taɓa katin. Amma agogon bai sani ba. Shina ta bugu."

Na ce, "Wato daka ake yi turmi ba hatsi."

Ya buga cinya. "Wa take ma aiki? Ita ce tambayar!"

Maganin da ya yi shi ne ƙofa. Ya rubuta wa ƙwayar cewa ta riƙa lura da masu buƙatar katin. Idan akwai ko da ɗaya, agogo ya buga. Idan na ƙarshe ya gama, a rufe ƙofa, bugu ya tsaya cak. Idan wani ya zo da buƙata, a buɗe kafin ya taɓa katin. Ya ce littafin masu yin katin ya gindaya sharaɗi ɗaya: bayan saƙon ƙarshe a ƙara wa katin bugu takwas kafin a rufe, don ya kammala. Ya ba shi takwas ɗin cif. Ya gwada da katinsa mai kyau da ya zo da shi daga wurin aiki, kwana uku, ko tari bai yi ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya ba zan manta da ita ba. Kawu ya sa darasi a sabon kati da na saya a tire a bakin iyaka, don nasa ya cika. Muka gama Gangara, na isa Riko, darasi ya kai inda yake mutuwa, muryar Kawu ta wuce. Mata suka dubi juna. Ta kai ƙarshe har ya ce, "To, yanzu ku karanta mini." Matar liman ta rangaɗa guɗa.

Ɗaya bayan ɗaya suka karanta. Saura uwar tagwaye. Ita mace ce mai in'ina, ga kunya, kullum tana bayan kowa da mayafi a baki. Wata huɗu ba ta taɓa buɗe baki a aji ba. Na riga na miƙa hannu zan ɗauke akwatin sai na ji ta ce, "T-tsaya." Ta matso da gwiwa. Ta karanta layi uku da ta rubuta, sunan garinsu da sunayen tagwayenta, gumi na zubo mata. Da ta gama sai da mai ƙosai ta rungume ta.

Na koma Jibiya kamar in tashi sama. Kawu ya sa katin zai saurara. Shiru. Ya cire ya mayar. Shiru. Darasinsa na nan, amma duk abin da matan Riko suka karanta ya dagule, ba ya buɗuwa. Ya yi ta fama har la'asar ɗin washegari, sannan ya cire tabarau ya ce, "Ƙofata ce. Ta rufe katin bai gama ba."

Abin da na gaya wa Kawu ranar, Allah ya yafe mini. A gaban masu jiran gyara na yi shi. Na ce, "Kai da tsumulmularka! Wutar da ba ta kai ta ashana ba kake ma rowa, ka zubar da wata huɗu na baiwar Allah! Ka san abin da ta sha kafin ta buɗe baki? Kana zaune cikin inuwa kana lissafin takwas, mu muna can muna haɗiyar kunya!" Ya ci gaba da goge tabaraunsa. Abokinsa na kwastan ya ce, "Haba Hajiya, babanki ne fa." Na ce, "Kai ma da kai aka yi." Na fita na bar akwatin.

Asabar ta zagayo ban je ko'ina ba. Labari ya iske ni cewa uwar tagwaye ta ce ita ta san dalili: malam ya ji in'inarta ne ya ga ba ta cancanci amsa ba. Ta ce ba za ta sake zuwa ba. Girbi saura mako uku.

Ina da ɗan lambu a ƙasan dam, inda nake albasa da tumatir. Ranar Talata ina ban ruwa sai na hango Kawu yana tahowa a kan kunyar lambu, yana ɗage riga, da takalminsa na zuwa masallaci. Dattijo ne ya tako wurin 'yar da ta zage shi. Na ji kunya ta kama ni, amma na ɗaure fuska.

Ya ce, "Sannu da aiki, uwar faɗa."

Na ce, "Yawwa, sannu Kawu." Na ci gaba da ban ruwa.

Ya zauna a gindin mangwaro yana kallona. Ya ce, "Littafi ya ce takwas. Na ba shi takwas. Na sake karantawa sau goma, takwas ne."

Na ce, "Katin tire ya karanta littafin?"

Ya yi dariya har da tari, ni ban yi ba. Na ci gaba da aikina. Ruwa ya cika fangalin da ke kusa da ƙofar ruwa, amma ban toshe ba. Na taka har can ƙarshen lambu, wurin fangalin da ke kan ɗan tudu, na tsaya sai da na ga ruwa ya kai kusurwarsa ya kwanta. Sannan na dawo na toshe.

Ya ce, "Mi ya sa ba ki toshe tun ɗazu ba? Na kusa ya cika, ruwa na ta ɓaci."

Na ce, "Kawu, kai ma dai. Wa ke duba na kusa? Na ƙarshe ake dubawa. Shi ruwa ke isa a makare. In ka toshe don na gaba ya ƙoshi, na baya ya mutu. Ɗan abin da ya zube ai ba shi kai asarar fangali guda."

Ya dubi tudun nan. Ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya ce, "Shekara talatin ina aikin waya, ban ji bayanin da ya kai wannan ba." Ya kama hanya da sauri har ya manta hularsa a gindin mangwaro.

Ya sayo kati iri-iri daga tire, mafi arha, mafi lalaci, ya yi ta gwadawa yana neman wanda ya fi kowa nawa. Da ya same shi, sai ya auna jiran da shi. Ya gyara ƙofar: idan na ƙarshe ya gama, kada a rufe. A jira katin ya nuna ya kammala, sannan a ƙara masa ɗan lokaci, kamar ƙiftawar ido. Idan wani aiki ya zo cikin jiran, a fasa rufewa, a sake jira daga farko. Ya ce a wurinmu ƙiftawar ido ba komai ba ce, a wurin kati kuwa kamar a ba mutum yini guda ne ya kintsa. Wutar da jiran ya ci kaɗan ce. Batir ya ci gaba da kaiwa ƙarshen Riko, har da saura.

Amma gyaran ƙarfe bai gyara zuciyar uwar tagwaye ba, kuma Kawu ya san haka. Asabar ya ce zai bi ni. Na ce, "Ba za su bari ka shiga ba." Ya ce, "Wa ya ce zan shiga?"

Ya gaida mai unguwa, ya nemi izinin mijinta, aka shimfiɗa masa buzu a bayan dangar gidan da muke karatu. Mijin na tsaye a gefensa. Mu muna ciki. Ya ɗaga murya ya ce, "Uwar tagwaye, kina ji na? Ni ne malaminku. Ban ji karatunki ba, kuma ba laifinki ba ne. Ni na yi gaggawa na rufe ƙofa kina ciki. Tsoho ne ya yi kuskure, ki yafe mani. In kin yarda ki sake, ga ni zaune. Ko zuwa magariba ne ina jira."

Wallahi mun daɗe. Akuya ta yi kuka, jariri ya yi kuka, mai unguwa ya yi gyaran murya sau biyu. Kawu bai motsa ba. Can sai muka ji ta fara. Ta yi tuntuɓe a harafin farko sau huɗu, ba wanda ya taya ta. Ta wuce. Ta karanta sunan garinsu, ta karanta sunayen 'ya'yanta. Daga bayan danga muka ji mijinta ya ce, "Kai! Ita ce wannan?" Mai unguwa ya ce, "To, mun ji da kunnenmu." Ba a sake maganar rufe aji ba.

A hanyar dawowa na ce, "Kawu, ka yafe mini abin da na faɗa a shago." Ya ce, "Wanne daga ciki? Suna da yawa." Iyakar abin da ya taɓa cewa ke nan.

Daga baya ya rubuta wa masu kula da ƙwayar manhajar wasiƙa ta intanet, ya gaya musu cewa takwas ɗin littafi ba ta isar katin da talaka ke saye. Wani daga wata ƙasa mai nisa ya amsa masa da layi biyu na godiya. Abokinsa ya buga masa a takarda, ya liƙa a bangon shago kusa da kalandar sallah. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Ba ni ya kamata a gode ma ba, wata mai albasa ce."

Akwatin ya yi shekara huɗu yana yawo, har Bugaje ya kai. Sannan ya daina zama dole, don mun samu abin da dattawa suka ce a kawo tun farko: mace mai koyarwa. Ni ce ta fari. Yau muna da shida, ba mai jiran batir. Kuma duk ajin da na koyar akwai ƙa'idar da ba na sassautawa. Idan darasi ya ƙare, ba a naɗe tabarma. Sai mun zauna shiru na ɗan lokaci. Sababbin ɗalibai suna zaton addu'a nake yi. Jira nake. Kusan kullum, a cikin shirun nan ne wata daga can baya za ta sauke mayafi ta ce, "Malama, ni ban gane ba."

Ranar sadakar bakwai aka yi addu'a da safe, aka raba waina, jama'a suka watse. Zuwa la'asar gidan ya yi fayau. Ƙannena suka fara tattara tabarmi, matar Kawu ta ce a rufe ƙofar zaure ta huta da gaisuwa. Na ce, "Ku dakata." Ƙanwata ta ce, "Yaya, wa kuma ya rage? Kowa ya zo." Na ce, "Ban sani ba. Ku dai bar tabarma ɗaya." Suka yi tsaki a ɓoye, sun san ba a ja da ni.

Rana ta yi sanyi sai muka ji sallama, irin wadda ke tsayawa a harafin farko. Uwar tagwaye ce, ta tsufa, ƙafafunta duk ƙura. Labarin bai isa gare ta da wuri ba, motar kasuwa kuma ta lalace musu a hanya, ta ƙarasa da ƙafa. Ta durƙusa gaban Inna ta buɗe baki za ta yi gaisuwa, maganar ta ƙi fita. Ta gwada, ta sake gwadawa. Sai ta kwance bakin zanenta ta fito da takarda a ninke, ta miƙa.

Inna ba ta karatu. Ta miƙo mini. Rubutu ne manya-manya, kowane harafi a tsaye da ƙafarsa, na karanta wa duk wanda ke tsakar gidan:

"Ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ya jira ni. Allah ya jira shi da rahama."

Inna ta karɓi takardar ta shafa ta da tafin hannu, ta sa a ƙarƙashin matashinta. Sannan ta dubi ƙanwata ta ce, "Yanzu ki naɗe tabarmar."

Allah ya haskaka kabarin Kawu, ya yafe masa gaggawarsa da tamu. Ya sa duk harafin da wata mace ta rubuta daga Gangara zuwa Riko ya iske shi a can, har da na wadda za ta zo a makare. Mu da muka rage, Allah ya ba mu haƙurin duba fangalin ƙarshe kafin mu toshe ruwa. Amin.